Wace takardar tambayoyi ce ta dace da wanda aka yi wa aikin wuya saboda ciwon daji?

Idan aka yi wa mutum aikin kwashe ƙwayoyin kaluluwar wuya saboda ciwon dajin harshe, baki ko maƙogwaro, abin da aka fi dubawa in ya dawo ganin likita shi ne ko ɗinki ya kame, ko wani kumburi ya sake fitowa. Da wuya a ce masa ya ɗaga hannu sama a gani. Ga shi kuwa kafaɗa ita ce ta fi cutuwa da wannan aikin, kuma ita ce takardun auna ingancin rayuwa suka fi saɓani a kanta: wata ta ba ta tambayoyi 10, wata 2, wata 1, wata kuma ko ambatonta ba ta yi. Saboda haka wanda zai zaɓi takarda, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ko ma'aikacin gashin ƙashi, ko ɗalibin da ke rubuta kundin bincike, sai ya fara sanin abin da aikin ke ɓatawa kafin ya san takardar da za ta kamo shi.

Abin da aikin ke taɓawa

Aikin da George Crile ya bayyana a 1906 yana kwashe kaluluwar sashe na I zuwa na V, wato yankuna biyar da likitoci suka kasa kowane gefen wuya, ya haɗa da abubuwa uku: doguwar tsokar gefen wuya da ke tasowa daga bayan kunne zuwa saman ƙirji, babbar jijiyar da ke mayar da jini daga kai, da jijiya ta 11 cikin jijiyoyin motsi da ke fitowa daga ƙoƙon kai. Daga baya Osvaldo Suárez na Ajantina da Ettore Bocca na Italiya suka nuna cewa ana iya kwashe kaluluwar a bar waɗannan ukun. Yau akwai aiki iri uku da ake yawan yi: na gaba ɗaya, na gaba ɗaya da aka bar ɗaya ko fiye daga cikin ukun, da wanda ake zaɓar wasu sassa kawai a kwashe.

Jijiya ta 11 ita ke motsa tsokar tirafiziyas, wadda ke riƙe allon kafaɗa tana juya shi sama idan za a ɗaga hannu. In ta mutu, kafaɗa takan sauka ta karkato gaba, allon ya tashi daga jikin haƙarƙari, ɗaga hannu ta gefe ya gagara wuce digiri 90, ciwo mai nauyi ya zauna tsakanin wuya da kafaɗa. Nahum da abokan aikinsa sun siffanta wannan tun 1961. Abin da ya kamata mai aunawa ya riƙe shi ne, barin jijiyar ba ya nufin ta tsira. A sashe na IIb, can saman wuya ƙarƙashin kunne, ana janye ta gefe a tone abin da ke bayanta, a sashe na V kuma, da ke ta bayan gefen wuya, ana bin ta tsawonta ana raba ta da ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da ita. Sai ta sage na watanni, wani lokaci har shekara ko fiye, kafin ta farfaɗo. In hannun ya daɗe ba ya motsi a wannan tsakanin, gaɓar kafaɗar kanta sai ta ƙage, kuma ƙagewar takan zauna ko bayan jijiyar ta warke.

Ban da kafaɗa akwai mutuwar fatar wuya da ta leɓatun kunne, taurin wuya, karkacewar leɓen ƙasa idan an taɓa reshen jijiyar fuska da ke bin ƙarƙashin muƙamuƙi, kumburin haɓa saboda ruwan jiki ya rasa hanyar wucewa, da tabon da mutum ke ɓoyewa. Wahalar haɗiya, bushewar yawu da canjin murya kuwa, galibi daga aikin da aka yi wa tushen ciwon ne ko daga rediyoterafi, wato ƙona dajin da hasken na'ura. Wannan rabe-raben shi ne ginshiƙin zaɓin takarda.

Masu wannan larura kuma ƙaruwa suke yi. Binciken asibitin Tata Memorial da ke Mumbai a Indiya, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa masu dajin baki na matakin farko da aka yi wa aikin wuya tun farko, kashi 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 3, a kan kashi 67.5 na waɗanda aka jira sai kaluluwa ta bayyana. Wato mutane da yawa za su rayu shekaru da wuyan da aka yi wa aiki.

UW-QOL: gajera, ta game komai, amma tambayar kafaɗa ɗaya ce

Hassan da Weymuller ne suka fitar da ita daga Jami'ar Washington a Amurka a 1993. Zubi na 4, wanda aka fi amfani da shi, yana da fannoni 12: ciwo, kamannin jiki, kai-komo, shaƙatawa, haɗiya, tauna, magana, kafaɗa, ɗanɗano, yawu, yanayin rai da fargaba. Ana tambaya a kan kwana 7 da suka wuce. Kowane fanni maki 0 zuwa 100 ne, kuma yawan maki alheri ne. Bayan nan sai a ce wa majinyaci ya zaɓi abubuwa uku da suka fi damunsa, sannan tambayoyi uku a kan rayuwarsa gaba ɗaya, da fili inda zai faɗi abin da takardar ba ta tambaya ba.

Ƙarfinta yana wurin wannan zaɓin abubuwa ukun. Majinyaci na iya samun maki mai kyau a kafaɗa amma ya sa ta cikin ukun da suka fi damunsa, kuma wannan kaɗai ya isa a tura shi gashin ƙashi. Amsoshinta kuma cikakkun jimloli ne da ke siffanta hali, ba "kaɗan" ko "sosai" ba, don haka sun fi sauƙin karanta wa wanda bai yi boko ba.

Rauninta shi ne tambayar kafaɗar tana da matakai huɗu kacal: ba matsala, maki 100, kafaɗa ta yi tauri amma bai shafi aiki ko ƙarfi ba, 70, ciwo ko rashin ƙarfi ya sa na canja aiki, 30, ba na iya aiki, 0. Manomin da da farko ba ya iya ɗaga fartanya sama da ƙirjinsa, bayan wata shida yana ɗagawa har kai amma yana gajiya da wuri, zai iya zama a kan 30 duk lokutan biyu. Takardar ba za ta nuna ya samu sauƙi ba. Akwai kuma tarkon lissafi. Wasu suna ba matakan 100, 67, 33, 0, don haka kafin a kwatanta sakamako da na wani asibiti sai a duba wanne suka bi. Sannan in aka haɗa fannoni 12 aka fitar da matsakaici, faɗuwar kafaɗa daga 100 zuwa 30 ba za ta rage jimla da fiye da maki 6 ba. Shi ya sa Simon Rogers da abokan aikinsa a Libaful suka ba da shawarar a raba ta gida biyu, na aikin jiki da na zamantakewa da yanayin rai, kowanne fannoni shida, kafaɗa tana gida na biyu. Ko a hakan ma, gara a riƙa ba da rahoton makin kafaɗa shi kaɗai.

EORTC: H&N35 da HN43 ba ɗaya ba ne

Ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai da ke Brussels, wato EORTC, tana da uwar takarda mai tambayoyi 30, QLQ-C30, wadda ta fito a 1993, sai a ɗora mata ƙarin da ya shafi kai da wuya. Tsohon ƙarin shi ne H&N35. Yana da zurfi a kan ciwon baki, haɗiya, ɗanɗano da jin ƙamshi, magana, cin abinci cikin mutane, buɗe baki da kaurin yawu. Ba shi da tambaya ko ɗaya a kan kafaɗa. Wannan kuskure ne da ake yawan gani a kundayen bincike: a kwatanta aikin gaba ɗaya da na zaɓaɓɓun sassa da H&N35, a ce ba a ga bambanci ba, alhali ba a tambayi wurin da bambancin yake ba.

Sabon ƙarin, HN43, wanda Susanne Singer ta jagoranci tabbatar da shi aka buga a 2019, ya gyara wannan. Ya kawo tambayoyi biyu a kan kafaɗa, ɗaya a kan wahalar ɗaga hannu ko motsa shi gefe, ɗaya a kan ciwo, ya ƙara da kumburin wuya, warkewar rauni, matsalar fata, yadda mutum ke kallon jikinsa da tsoron ci gaban ciwon. Wanda zai fara sabon bincike yau ba shi da dalilin ɗaukar H&N35, sai dai in yana son kwatantawa da bayanan da ya tara a baya da ita.

Farashin wannan zurfin shi ne tsawo. C30 da HN43 tambayoyi 73 ne. Ga wanda zai cike da kansa a ɗakin jira, abu ne mai yiwuwa. Ga wanda za a karanta wa, yana da bututu a maƙogwaro, yana tofar da yawu kowane minti, amsoshin ƙarshe sukan zama na a rabu da ni ne kawai.

Lissafinta kuma yana buƙatar natsuwa. Amsoshin matakai huɗu ne, 1 zuwa 4. A fannin alamomi, ana fitar da matsakaicin amsoshin, a cire 1, a raba da 3, a ninka da 100. Wanda ya amsa 3 da 2 a tambayoyin kafaɗa, matsakaicinsa 2.5, makinsa 50. A nan yawan maki yawan wahala ne. Amma a fannonin aikin jiki da na lafiya gaba ɗaya da ke cikin C30, yawan maki alheri ne. Takarda ɗaya, fuska biyu, kuma duk wanda ya haɗa jadawali da UW-QOL ba tare da ya rubuta alkiblar kowane maki a kansa ba, zai rikita mai karatu. In an bar wasu tambayoyi ba amsa, ƙa'idarsu ita ce a lissafa fannin muddin an amsa aƙalla rabinsa. Game da fassarar canji, aikin David Osoba na 1998 a kan C30 ya sa maki 5 zuwa 10 ƙaramin canji ne, 10 zuwa 20 matsakaici, sama da 20 babba.

Wani abu da C30 ta fi sauran da shi: tana tambayar ko ciwon ko maganinsa ya jefa mutum cikin matsin kuɗi. A inda majinyaci ke biyan kuɗin aiki, na kimo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, da na mota daga aljihunsa, wannan tambaya ɗaya tana bayyana dalilin faɗuwar sauran makin fiye da yadda ake zato.

FACT-H&N a taƙaice

Tambayoyi 39 ne: 27 na gama-gari da David Cella ya fitar a 1993, da 12 na kai da wuya waɗanda 10 kawai ke shiga lissafi. Jimlar 0 zuwa 148 ce, yawan maki alheri. Ta fi kowacce kula da iyali, tallafin dangi da yanayin rai, kuma tana ba da jimla guda mai sauƙin lissafi, shi ya sa masu gwajin magunguna ke son ta. Ba ta tambayar kafaɗa. Tana da tambayar shan taba da ta shan giya, waɗanda ba sa shiga maki amma suna iya ɓata wa dattijo rai tun kafin a gama. In tambayar binciken a kan aikin wuya ce, a wuce ta.

NDII: wadda aka ƙera don wannan aikin

Rodney Taylor da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka buga ta a 2002. Tambayoyi 10 ne, duk a kan wuya da kafaɗa cikin mako 4 da suka wuce: ciwo, tauri, wahalar kula da kai kamar wanka da sa tufafi, ɗaukar abu marar nauyi, ɗaukar abu mai nauyi, miƙa hannu sama, kai-komo gaba ɗaya, shiga jama'a, shaƙatawa da aiki. Kowace amsa matakai biyar ce, wanda ba shi da matsala ya samu 5, wanda abin ya yi wa tsanani ya samu 1. Jimlar tana tsakanin 10 da 50. A cire 10, a raba da 40, a ninka da 100. Wanda ya tara 34 makinsa 60.

A ganinmu ita ce ta farko da ya kamata a ɗauka idan ana son sanin abin da aikin wuya ya yi wa mutum. Gajera ce, tana raba aikin da aka shiga sashe na V da wanda ba a shiga ba, kuma tana motsawa idan majinyaci ya samu sauƙi, wanda shi ne abin da ma'aikacin gashin ƙashi ke buƙatar gani. Sai dai a san iyakarta. Majinyata 54 kawai aka gina ta a kansu da farko. Ba ta tambayar mutuwar fata, ba ta tambayar tabo ko kumburi, ba ruwanta da haɗiya ko yanayin rai. Ba ta raba dama da hagu, don haka wanda aka yi wa ɓangarori biyu maki ɗaya zai samu, kuma ba za a iya kwatanta kafaɗunsa biyu da ita ba. Tagar mako 4 ɗin ma tana da tarko: in aka ba da ita mako biyu bayan aiki, rabin lokacin da ake tambaya a kai kafin aikin ne. Kada a ba da ita kafin mako shida.

Akwai 'yar uwarta daga Japan, wadda Inoue da Nibu da abokansu suka buga a 2006. Ita tana tambayar tauri, jin shaƙewa a wuya, ciwo, mutuwar fata, saukar kafaɗa, miƙa hannu sama da kamannin wuya, kowane ɓangare daban, ta haɗa da gwajin ɗaga hannu mai maki 0 zuwa 5, inda 5 ke nufin an kai digiri 180 ba ciwo ba yunƙuri, 0 kuma an kasa kai 90. Ta toshe wasu ramukan NDII, amma ba ta yaɗu a wajen Japan ba sosai, don haka abin kwatantawa kaɗan ne. Gwajin ɗaga hannun nata dai ya cancanci aro, domin ba ya buƙatar kayan aiki.

Ma'aunan da aka aro daga likitocin ƙashi

SPADI, wadda ta fito a 1991, tambayoyi 13 ce, 5 na ciwo da 8 na kasawa, kowacce 0 zuwa 10, yawan maki wahala. DASH tambayoyi 30 ce, gajeruwarta QuickDASH 11, kuma tana auna hannu ne gaba ɗaya daga kafaɗa har yatsu, ba tare da la'akari da wane hannu aka yi aikin da shi ba. Wato mai aiki da hannun dama da aka yi wa aiki a hagu zai iya samun maki mai kyau kafaɗarsa tana zube. Dukansu ba sa tambayar wuya. Amfaninsu shi ne ma'aikatan gashin ƙashi sun saba da su, kuma ana iya kwatanta majinyacin da masu sauran ciwon kafaɗa.

Ma'aunin Constant da Murley na 1987 daban yake, domin ma'aikaci ne ke yin yawancinsa: ciwo maki 15, ayyukan yau da kullum 20, faɗin motsi 40, ƙarfi 25. Ana yin kowace kafaɗa daban, wanda ya dace da mai aiki ɓangarori biyu. Matsalarsa a nan ita ce ana auna ƙarfin ne hannu yana digiri 90, kuma wanda bai kai nan ba sifiri ake ba shi. Mai mutuwar tirafiziyas sau da yawa daidai nan yake tsayawa, sai maki 25 su tafi gaba ɗaya, a kasa raba mai ɗan dama-dama da wanda ba shi da komai. Yana kuma buƙatar sikelin ja, da gyara maki bisa shekaru da jinsi.

Ko ba a ɗauki Constant ba, kada a bar aunawa da goniyomita, ma'aunin kusurwar nan na roba. Majinyaci ya zauna a kujera marar hannu, bayansa a miƙe, kafaɗunsa a buɗe don a ga allon daga baya. Gwiwar hannu a miƙe, babban yatsa yana kallon sama, ya ɗaga ta gefe. A sa tsakiyar ma'aunin a bayan gaɓar kafaɗa, reshe ɗaya ya bi tsayin gangar jiki, ɗayan ya bi ƙashin damtse. A yi sau uku a ɗauki matsakaici, a yi wa ɗayar kafaɗar haka. Dabara biyu majinyaci ke yi ba da saninsa ba: karkata jiki zuwa ɗaya gefen, da zamewar hannu zuwa gaba, inda ɗagawa ta fi sauƙi domin wasu tsokoki ke taimakawa. Duka biyun suna ƙara digirin ƙarya. Bayan ya ɗaga da kansa, sai ma'aikaci ya ɗaga masa. In hannun ya tafi har sama da taimako, matsalar jijiya ce. In ya cije ko da taimako, gaɓar ta fara ƙagewa, kuma wannan ba ya jira. Cewa mutum ya ɗage kafaɗunsa sama ba gwaji ne abin dogaro ba, saboda wata tsokar wuya na iya yin wannan aikin ko tirafiziyas ba ta motsi. Bambancin da bai kai digiri 10 ba tsakanin zuwa biyu, musamman in ma'aikata daban ne suka auna, bai kamata a gina hukunci a kansa ba.

Idan majinyacin Hausa yake ji

Dukan waɗannan takardu an rubuta su ne ga mutanen Amurka, Turai ko Japan, masu cikewa da kansu. A asibitocin koyarwa na Kano, Zariya ko Sakkwato, da yawa daga majinyata karanta musu za a yi, kuma hanyar da aka fi bi, wato ma'aikaci ya riƙe takardar Turanci yana juyawa da baki, tana lalata ma'aunin. Yau ya faɗi tambayar da wasu kalmomi, gobe abokin aikinsa ya faɗe ta da wasu, sai a rasa ko majinyacin ne ya canja ko tambayar. Hanyar da aka yarda da ita, kamar yadda Beaton da abokansa suka tsara a 2000, ita ce mutum biyu su fassara kowa daban, a haɗa, wasu biyu da ba su ga asalin ba su mayar da ita Turanci, kwamiti ya duba, a gwada a kan mutum 30 zuwa 40. EORTC tana da nata tsarin kuma sai da izininta ake fassara takardunta. An yi irin wannan aikin da Hausa: an buga fassarar SF-12, takardar auna lafiya gaba ɗaya mai tambayoyi 12, a 2020, wadda aka gwada a kan masu ciwon baya na birni da ƙauye. A nan ma gajarta tana da riba, domin fassara tambayoyi 10 da gwada su aiki ne da sashe ɗaya zai iya, na 73 kuwa sai da kuɗi da lokaci.

Misalan cikin tambayoyin su ma sai an daidaita su ba tare da canja abin da ake aunawa ba. Miƙa hannu sama, a wurinmu, shi ne ɗora tulu ko dami a ka, shanya, ɗaura ɗankwali, zura babbar riga, shafar kai a alwala, ɗaga hannu a kabbara. Abu mai nauyi shi ne bokitin ruwa, taɓarya, buhu, ko saɓa yaro a goya shi. Tambayar shaƙatawa takan ba mutane dariya in ba a ce zuwa majalisa, biki ko kasuwa ba. A rubuta misalan a jikin takardar, kowa ya karanta iri ɗaya.

Sai batun kara. Majinyacinmu in likitan da ya yi masa aiki ya tambaye shi, "da sauƙi" zai ce, ko hannun ba ya ɗaguwa, saboda godiya da kuma ganin cewa ƙorafi bayan an tsira da rai butulci ne. Don haka kada likitan da ya yi aikin ya zama mai tambayar. A samu ma'aikaciyar jinya ko ta gashin ƙashi, a faɗa wa majinyaci tun farko cewa amsarsa ba za ta ɓata wa kowa rai ba, magani za ta gyara. Mai jinya, miji ko babban ɗa, kada ya amsa a madadinsa. In dole ta sa, a rubuta a takardar cewa wani ne ya amsa, a ware ta wajen lissafi. Tambayoyin auratayya da ke cikin HN43 da FACT a yi su a keɓe, mace ta tambayi mace, a kuma bar wanda ya ƙi amsawa. Ga matakan amsa, katin da aka zana kofuna biyar daga wanda babu komai zuwa cikakke yana taimakawa, musamman ga wanda aka cire wa maƙogwaro da ba zai iya magana ba sai nuni.

Lokaci da abin da ake rubutawa tare da maki

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na kafin aiki, kuma shi aka fi mantawa. Dattijon da ya shekara yana noma yana iya zuwa da tsohon ciwon kafaɗa, in ba a auna ba sai a ɗora wa aikin. Bayan nan wata 3, wata 6 da wata 12 sun isa. Maki yakan faɗi ƙasa wajen wata na 3, daidai lokacin da ake cikin rediyoterafi ko aka gama shi, sannan ya riƙa hawa har shekara. Wanda ya auna sau ɗaya a wata na 3 zai zargi aikin da abin da zai warke, wanda ya haɗa mai wata 2 da mai shekara 3 a rukuni ɗaya kuma bai auna komai ba.

Makin da ba a san irin aikin da aka yi ba bai da amfani. A kowace takarda a rubuta ɓangaren da aka yi, hannun da mutum ke aiki da shi, sassan da aka kwashe tare da fayyace IIb da V, ko an bar jijiya ta 11, ko an yi rediyoterafi, ko an ɗebo tsokar ƙirji an toshe rauni da ita, domin ita ma tana rage motsin kafaɗa, da kuma ko ya je gashin ƙashi. A rubuta dalilin duk wanda bai dawo ba. Waɗanda suka rasu, waɗanda ciwon ya dawo musu da waɗanda kuɗin mota ya gagara su ne suka fi wahala, kuma in suka fita daga lissafi sai matsakaicin wata 12 ya yi kyawun da ba nasa ba. NDII tana da sauƙin yi ta waya ga mai iya magana, wannan yana rage ɓacewar mutanen nesa.

To wacce za a ɗauka

Ga asibitin da ke ganin majinyata da yawa da ma'aikata kaɗan, UW-QOL da NDII tare da awon ɗaga hannu sun wadatar: ta farko ta kamo haɗiya, yawu, fargaba da abin da ya fi damun mutum, ta biyu ta auna kafaɗa da kyau, goniyomita ya faɗi ko jijiya ce ko gaɓa. In ɗaya kawai za a iya, kuma majinyatan sun sha aikin baki ko maƙogwaro da rediyoterafi, UW-QOL ce. In tambayar ita ce wane irin aikin wuya ya fi sauƙi ga kafaɗa, ko gashin ƙashi yana amfani, NDII ce babban ma'auni, a ƙara Constant idan akwai masu aiki ɓangarori biyu da yawa. Binciken da za a haɗa da cibiyoyin wasu ƙasashe, ko wanda ke kwatanta tiyata da kimo da rediyoterafi, shi ya cancanci wahalar C30 da HN43, da sharaɗin a samu fassarar da aka amince da ita da ma'aikacin da aikinsa ke nan. In haɗiya ce abin dubawa, akwai MDADI mai tambayoyi 20 da aka yi don ita, kuma ba aikin NDII ba ne.

Kafin a raba takarda ta farko, sashen ya zauna ya amince da abin da zai sa a ɗauki mataki, a rubuta shi a bango. Mafi sauƙi: duk wanda ya samu 30 ko ƙasa a kafaɗar UW-QOL, ko ya sa kafaɗa cikin abubuwa ukun da suka fi damunsa, ko ya kasa kai hannu digiri 90 ta gefe, ko hannun ya cije da taimako, a haɗa shi da sashen gashin ƙashi a ranar, kafin ya hau motar gida.